Taurarin da Narcisse Ya Goge

Poumpoumré, Garwa

Zuwa ga Yaya Abduljalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Achta da ƙananan yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Montréal da kake kawo mana ƙararsa kamar mu muka aike ka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta ɗauke, kogin Binuwai ya fara ja da baya, sama ta washe tas. Mahaifiyarmu Hadje tana nan da gwiwarta da bakinta; gwiwar tana samun sauƙi, bakin kuwa bai taɓa ciwo ba. ’Yarka Nazira ta duƙufa kan shirin bak, jarrabawar gama sakandare, ta kuma yi tsawon da sai na ɗaga kai kafin in yi mata faɗa.

Ka tambayi labarin madubin hangen taurarin da ka aiko mata. Ya iso lafiya, muka kafa shi a saman benen da Baba bai ƙarasa ba. Abin da ka manta lokacin da kake saye shi ne, mabuɗin ƙofar matakala yana ƙulle a haɓar zanen Hadje. Da farko ta ƙyale mu muna hawa. Sai maƙwabciyarmu Hadje Kaltouma ta shigo gaisuwa, ta tambaya cikin ladabi ko bindigar da aka kafa a sama ta tsaron gida ce, ko kuwa tsakar gidanta ake leƙe. Washegari ƙofa ta rufu. Hadje ta ce budurwa ba ta zama a saman bene bayan isha’i tana nuna sama da bututu, kuma ita ba ta ga abin da muka samo ba in ban da cizon sauro. Na yi mata bayani irin na aji, ta saurare ni yadda ɗalibaina na lise, wato sakandare, suke saurarona. A ƙarshe ta yanke hukunci: a kawo mata abin da muke gani a kan takarda, ta riƙe da hannunta, domin waya maƙaryaciya ce. In ya gamsar da ita, mabuɗi namu ne. In bai gamsar ba, madubi ya koma kwalinsa har ka dawo.

Allah ya taimake mu, kafin a rufe ƙofar mun riga mun tara abin aiki. Akwai wani ƙaton garke na taurari can nesa da namu, wanda littattafai ke kira Andromède. In ka sa ido a madubin ba ka ganin komai sai ɗan shafe fari-fari, kamar an goga yatsa a gilashi. Sai an ɗaura kyamara, injin yana bin juyawar sama a hankali, a yi ta ɗauka dare bayan dare. Daga nan a zubar da hotunan da jirgi ya ratsa, da waɗanda Nazira ta bangaji ƙafar madubin tana korar sauro, a ɗora sauran bisa juna a kwamfuta. Abin da ya fito faifai ne a karkace, tsakiyarsa na ƙyalli, baƙaƙen layuka sun kewaye shi, ga ’yan ƙannensa biyu a gefe, ga taurari birjik kamar an watsa gero. Hasken ya fi shekara miliyan biyu yana tafe, ya zo ya sauka kusa da tankin ruwanmu. Nazira ta daɗe tana kallo.

Na kai wa Narcisse, mai sitidiyon nan na bakin kasuwa da ke ɗaukar amaren unguwa. Na koyar da ƙanwarsa, don haka yana girmama ni ƙwarai, girmamawar ce kuma ta ci mu. Na sa masa hoton a kwamfutarsa, na ce zan dawo bayan la’asar. Na dawo na tarar da shi yana ta murmushi. Ya ce ko abincin rana bai ci ba saboda ni, don hoton Madam ya zo da ɗige-ɗige ba iyaka, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, yadda yake yi wa ƙurajen amarya. Baƙaƙen layukan ya ce irin na ƙarƙashin idon wadda ba ta yi barci ba ne, ya shafe su sumul. Tabo biyu na gefe ya kawar. Tabon nan, Yaya, kowannensu taurari ne dubban miliyoyi, Narcisse ya sallame su kafin shayinsa ya huce. Bayan hoton kuma ya ce ya cika duhu, ba wanda ke son ya fito baƙi ƙirin, sai ya mai da shi ruwan hoda, ya dasa furanni a kusurwoyi. Duk wannan, in ji shi, kado ne, wato kyauta ya yi mini.

Na yi niyyar ɓoyewa, amma ina shiga gida Hadje ta hango ambulan ta miƙo hannu, ga Hadje Kaltouma zaune a falo. Su biyun suka yi ta salati. Kaltouma ta ce ashe haka sama take da kyau, sak farantin da aka kawo mata tsaraba daga Makka. Hadje ta ce ai jikarta ce ta ɗauko shi. Baƙuwa na fita Hadje ta fara kwance haɓar zane. Ni dai da na karɓa na yi godiya, na zauna a taron malamai da yawa, na san lokacin yin shiru. Amma Nazira jininka ce. Ta durƙusa, idonta cike da ƙwalla, ta ce wannan ba hotonta ba ne, ba za ta hau bene da aikin wani ba. Hadje ta dube ta, ta sake ƙulle haɓar.

Washegari na koma na tsaya a kan Narcisse har ya fitar da na gaskiyar, fuskarsa kamar ta mai zaman makoki. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa daga sitidiyonsa ya fito. Nazira ta kai wa Hadje da kanta. Hadje ta sa tabarau, ta jera hotunan a cinyarta, ta jima tana dubawa. Sannan ta ce ta gane: wancan na Narcisse ne, wannan namu ne, kuma namu har yanzu cike yake da datti, kowa ya gani ya san ba a gama aikin ba. Ta ce a gidanta yarinya ba ta fara aiki ta ajiye shi rabi. Ta kwance mabuɗi ta ɗora a tafin Nazira, ta ce mu yi ta hawa har sai mun samo mai tsabta irin na yaron nan, muddin ina tare da ita, bututun kuma ya juya wa gidan Kaltouma baya. Nazira ta buɗe baki za ta yi bayanin cewa hakan ba zai taɓa yiwuwa ba, na taka mata ƙafa.

Na Narcisse yana rataye a falo, baƙi na yabawa. Namu ga shi na haɗo maka da takardar nan. Ka gaida Anti Achta, ka shafa mini kan Muhaimin da Fatime. Kawu Goni ya zo daga Bogo yana gaishe ka, Hadje ta ce ka riƙa sa hula. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri. An idar da isha’i, ina jin takun Nazira a matakala. Bari in ja ƙofar falo in bi ta.

Ƙanwarka,
Salamatu