Mazaunin Injin da Ka Gwada da Buhunan Gyaɗa

Zuwa ga Kawu Garba maƙeri, na Rurum Tsohon Gari.

Assalamu alaikum. Gaisuwar ɗa ga kawunsa, da durƙuso har ƙasa, ko da yake gwiwoyin nan yanzu sai an lallashe su. Na san babu masinjan da zai kai wannan takarda inda kake. Da kana raye ma juya ta za ka yi, ka ce tana da kyau, a bar maka ita ka hura wutar maƙera. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da girman kai ya hana ni faɗa maka.

Ka tuna shekarar da na dawo daga Kano da tsohuwar akori-kura, lokacin da Turawan kamfani ke sayen gyaɗa, motocin ƙasar Rano kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba? Ina da iyali, ina da boko, na iya tuƙi, ga littafin makanikai mai zane-zane. Abin da ba ni da shi, kai ka gano shi tun ban gama sallama ba.

Ana gab da kaka injin ya fara ƙara kamar ana daka a cikinsa. Manoman Durba da Lausu sun riga sun dogara da ni in kai musu gyaɗa. Garejin kamfani kuwa sai mutum ya jira har kaka ta wuce. Na ce a gida zan gyara. Muka sauke shi da sarƙa a reshen tsamiyar ƙofar gida, ƙarti shida suka kinkime shi da sanduna zuwa tsakar gida.

Saura mazaunin da za a ɗora shi. Na je Kano na sayo wani a wurin masu tsoffin ƙarafa, mai ƙafa uku, da jan fenti, irin na cikin littafi sak. Ban tambayi injin wace mota aka yi shi dominsa ba. Ban kuma lura cewa a zanen a kan siminti yake tsaye ba. Niyyata in ɗora inji, in kwanta rigingine a ƙarƙashi, in kwance kaskon mai.

Ka zo ka zagaya shi sau biyu, ka ƙwanƙwasa, ka kara kunne. Ka ce ƙafa uku ta murhu ce, murhu kuwa tukunya yake ɗauka, kuma ba ka taɓa ganin wanda ya kwanta a ƙarƙashinsa ba. Na buɗe maka shafin. Ka ce mai zanen gwani ne, amma bai taɓa taka tsakar gidan ƙanwarka ba.

A nan ka faɗi maganar da har yau nake maimaita wa mutane kamar tawa: sabuwar tukunya da ruwa ake gwada ta, ba da miyar biki ba. Ka sa aka gitta katako a kan mazaunin, aka shiga jera buhunan gyaɗa. Ma'auninka shi ne sai ƙartin nan shida sun ji nauyin ya kai na inji, sannan a ƙara buhu ɗaya. Daidai inda zan sa ƙirjina ka kife babbar ƙwaryar Inna. Ni kuwa ina gefe ina murmushin masu ilimi.

Wuni guda bai motsa ba, na yi ta kai da kawo a gabanka ina gyaran murya. Kashegari da hantsi ƙafa ɗaya ta nutse a ƙasa, ba ta fi gaɓar yatsa ba. Sai ta lanƙwashe, buhuna suka rufta. Ƙwarya ta zama sakaina. Inna ta dubi sakainar, ta dubi ƙirjina, ta shige ɗaki. Kai kuwa cewa ka yi a sayo mata wata.

Ba ka jefar da mazaunin ba. Ka kai shi maƙera ka rage masa tsawo, ka mai da ƙafafun huɗu da ƙarfen tsohon sifirin mota, ka ware su, ka ɗaure tsakaninsu da ƙarfe gicciye. Ƙarƙashin kowace ƙafa ka sa gungumen ƙirya, ka ce rumbu ma a kan duwatsu ake zaunar da shi. Sannan ka roƙi matan gida suka yi wa wurin daɓe da makuba. Suna bugu suna waƙa, kuma na ji sunana a cikin waƙar fiye da sau ɗaya.

Aka sake jera buhuna kwana uku. Ranar da aka ɗora inji, kafin in sunkuya ka riga ni. Ka shimfiɗa buzunka ka kwanta a ƙarƙashi, ka ɓare goro ka cinye shi tas, sannan ka fito ka kakkaɓe riga ka ce mini bismillah.

Gyaɗar Durba da Lausu ta isa Kano a kan kari. Ni kuwa me na ce maka? Na ce da alama an yi kuskure wajen buga littafin.

Ƙafar nan da ta lanƙwashe ka ƙera bakin dagi da ita ka ba ni, ka ce ko mota ta ƙi, ƙasa ba ta ƙi. Na jefa shi bayan rumbu. Ban nemo shi ba sai ranar da ka rasu, da ƙasar maƙabarta ta yi tauri ta gagari masu haƙa. Da shi aka yi maka makwanci, Kawu. Wannan karon ma ka riga ni kwanciya.

Mazaunin yana nan, ya ɗauki injunan da ban san adadinsu ba. Ƙirjin da ka yi wa fansa da ƙwarya shi ma yana nan, jikoki na hawa kansa.

Na gode. Kuskuren ba na littafi ba ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Yadda ka ɗauke mini nauyi, Allah Ya ɗauke maka na ranar hisabi. Amin.

Ɗan ƙanwarka mai littafi,
Sule direba, Kibiya