Jan Ƙarfen Sabi'u Ba Na Sata Ba Ne

Zuwa ga Shugaban 'Yan Sintiri masu shinge a hanyar Maigatari zuwa Gumel,

Ta tashi! Wallahi kwamfutar jikana Sabi'u ta tashi! Yau kwana uku ke nan, duk sa'ad da aka kawo wuta tana aiki a zaurena. Masu ƙera ta sun rubuta mata gudun ɗari uku, ga ta nan tana zabga ɗari huɗu da hamsin, ba ta ƙame ba, ba ta yi hayaƙi ba. Na kasa riƙe wannan albishir har in gama gaisuwa, ka yi mini uzuri.

To yanzu, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da yaranka na shinge, har da waɗanda zan ambata a ƙasa. Yaya zafin bazara, yaya fama da jama'a?

Ni ne Idi Maƙeri na Gumel, maƙerin fari, mai zubin munduwa da zobe. Na haura saba'in. Ka san ni, domin ni na ƙera zoben azurfar da mahaifinka ya riƙa sawa har ya bar duniya, saboda haka kai ɗa ne a wurina, kuma zan yi maka magana kamar ɗa. Boko kuwa sai da furfura ta fito mini na koye shi a ajin yaƙi da jahilci na yamma, don haka wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya tsara mini. Na aiko maka da kwafi ɗaya, na liƙa ɗaya a tasha, na ba jarida ɗaya. A bainar jama'a aka daki jikana aka kira shi ɓarawo, a bainar jama'a zan amsa.

Na ɗaya. Bari in gaya maka abin da jan ƙarfen nan yake, tunda yaranka ba su tambaya ba.

Sabi'u ɗan marigayi ɗana Lawan ne, shekararsa ashirin da huɗu. Ya koyi aikin kwamfuta a Kano, yana buga takardu a wani shago nan Gumel. Tun bara ya ƙudura sai ya haɗa tasa da hannunsa, ta wasa, irin wadda ake harbin dodanni a ciki. Ba na jin kunyar faɗar haka. Wata bakwai yana zaɓen kayanta ɗaya bayan ɗaya, yana zuwa Kano yana dawowa, yana zama kusa da ni a maƙera yana yi mini bayani ina gyaɗa kai har na fara ganewa.

Akwai ƙwaƙwalwar injin, wata aba mai tsawon tafin hannu. Ya bar mai tsada ya ɗauki mai araha, ya ce masana sun gano tana da rarar ƙarfi da ba a rubuta a jikinta ba, in ka tura ta za ta yi gudun babbar. Na ce masa wannan ai zaɓen bijimin huɗa ne, ba ka duba tozo, ƙafa da ƙirji kake dubawa. Akwai koren allon da komai ke zama a kansa. Yawancin irinsa suna ɗaure ƙwaƙwalwar a gudun da aka rubuta, sai da ya zaga shaguna da yawa kafin ya sami wanda ke barin mutum ya ƙara. Ya zaɓi katin da ke fito da hoton wasan, ya zaɓi akwatin wuta wanda ya fi buƙatarsa ƙarfi, domin ya ce abin da za ka sa gudu ba ka ba shi abinci a ƙwange.

Saura abu ɗaya, zafi. In ka tura ƙwaƙwalwar nan sai ta ɗau zafi kamar bakin zugazugi. Ɗan guntun ƙarfen da ta zo da shi na shan zafi an yi shi ne don ƙasashen sanyi, ba don Gumel a watan da kaza ke buɗe baki a inuwa ba. A nan ne ilimina ya shigo. Na ce masa jan ƙarfe zai nema. Ka sa sandar baƙin ƙarfe da ta jan ƙarfe a wuta ka riƙe, ka ga wadda za ta fara ƙona maka hannu. Na ce ya je kasuwar Maigatari wurin wani mutumin Damagaram mai sayar da tsofaffin ƙarafa, ya samo mini dunƙule mai kauri, ni zan yanka masa haƙora in goge. Ni na aike shi. Ka riƙe wannan.

Na biyu. Abin da ya faru ranar Alhamis, makonni shida da suka wuce, bayan azahar.

Sabi'u ya tafi da ƙwaƙwalwar a aljihun gaban rigarsa, a cikin ledarta, don ya gwada faɗinta da ƙarfen. Ya saya, aka ba shi rasit, ya hau motar haya. A shingenku aka sauke kowa. Na san an sace wayar taransufomar garinku a cikin makon, kun kwana biyar a duhu, injin niƙa ya tsaya, famfo ya ƙafe. Na san zuciya ta ɓaci. Amma ga abin da yaranka suka yi, kuma mutum goma sha ɗaya da ke motar sun gani.

Wanda kuke kira Mai Gora ya zazzage jakar Sabi'u, jan ƙarfen ya faɗo. Ya ɗaga shi sama ya yi ihu, ga ɓarawon waya. Sabi'u ya miƙa rasit. Da Faransanci aka rubuta shi. Su shida suka juya takardar sama da ƙasa, ba wanda ya karanta, Mai Gora ya yaga ta ya watsa masa a fuska. Marin farko ya fasa masa leɓe. Suka kwashe ƙafarsa ya faɗi a kwalta mai zafi, suka rufe shi da gora da bulalar roba da takalmi. Ya dunƙule, ya dafe aljihunsa da hannun dama don kada a taka ƙwaƙwalwar. Ganin haka suka ce abin sata yake ɓoyewa, suka koma kan hannun. Direban motar ya ce ya ƙirga sara bakwai a kan hannu ɗaya, kuma ya ji ƙarar ƙashi daga inda yake tsaye. Sabi'u bai saki aljihun ba.

Sai aka gangaro da taya. Wani ya kawo galan ɗin fetur daga wurin 'yan bumburutu. Mai Gora ya tsuguna a kansa yana dariya ya ce, “Injiniya, tunda ka ɗauke mana wuta, yau mu za mu ba ka tamu.” Sun rataya masa tayar, Shugaba. Fetur ya jiƙa masa wuya da kafaɗa. Rigar tana nan na ajiye, har yau tana wari.

Wadda ta cece shi Malama Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato, wadda ta fi shekara ashirin tana aiki a cikinmu. Tana cikin motar da buhun geronta. Ta ratsa su ta kwanta a kan yaron, gora ɗaya ta same ta a baya, ta ɗago ta ce, “Ku ƙyasta ashanar da ni a kai. Kai Mai Gora, ni na yi maka allurar ƙyanda kana tsirara kana kiran innarka. Ƙyasta in gani!” Suka ja da baya. Ta cire tayar da hannunta, ta yage mayafinta ta ɗaure masa yatsu, ta sa direba ya wuce da su asibiti. Yatsu uku sun karye, ɗinki tara a kai, haƙori ɗaya ya tafi. Jan ƙarfen kuwa yaranka suka riƙe, aka zaga da shi gari a kan faranti ana nuna wa mutane.

Na uku. Ina da tambaya, gajeriya ce. Ɓarawon waya Maigatari yake kai kaya ya sayar a tsallaka da su, ko daga Maigatari yake sayo su ya kawo gida? Motar nan ta ina ta fito?

Na huɗu. Ba zan ɓoye maka nawa laifin ba. Da na ga yaron a gadon asibiti, fuska ta kumbura har ban gane shi ba sai ta murya, na koma gida na ɗauki babbar masaba. Niyyata in je shingenku in ɗora hannun Mai Gora a kan dutse in yi masa abin da nake yi wa ƙarfe, yatsa bayan yatsa, har sara bakwai. Ban yi tunanin hukuma ba, ban yi tunanin shekaruna ba. Matata Hajiya Kande ce ta zauna a bakin zaure ta miƙe ƙafa ta ce, “Tsoho, tsallake ni ka wuce. In an kai ka gidan yari wa zai goge wa mijina ƙarfensa?” Haka take kiran jikan nata. Na tsaya ina huci kamar sa. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta fito da mundaye huɗu na jan ƙarfe da ta gada wurin uwarta, ta zube su a gabana ta ce in huce a kansu.

A kansu na huce. Na narkar da su, na zuba a mazubin ƙasa, na yanka haƙora ashirin da zarto, na bi da magagari. Gindin kuma kwana huɗu ina goga shi a kan gilashi har na ga fuskata a ciki, domin Sabi'u ya ce ko tsagar gashi aka bari zafi zai maƙale a wurin.

Da aka sallamo shi hannunsa na cikin filasta, ba ya iya riƙe ko cokali. Saboda haka ni na haɗa kwamfutar. Ni, Idi, da na fara rubuta sunana ina da jika! Yana zaune a tabarma yana ba ni umarni kamar wani sajan. “Kaka, taɓa ƙarfen ƙofa tukuna kafin ka taɓa allon.” “Kaka, a hankali, ba kofaton jaki ba ne.” Na ce masa ya rufe mini baki, ina zubin zobe tun ubansa bai san hanyar masai ba. Na shafa farin man da ya ba ni siriri, na ɗaura ƙarfena a bayan ƙwaƙwalwar, na kafa fanka a kai. Karon farko da muka tura ta, ta yi minti goma ta ƙame. Ya ce in cire murfin gefe, in ƙara fanka ta biyu, shi kuma ya ƙara mata wuta ɗan kaɗan da hannun hagu. Muka sake kunnawa da hantsi, muka zuba mata ido har la'asar. Na sa yatsa a kan haƙoran ƙarfen, ɗumi kawai, kamar goshin mai lafiya. Na fita tsakar gida ba hula ina kabbara, Hajiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Na ma yi wasan. Na harbe dodanni goma sha ɗaya kafin wani mai ƙaho ya cinye ni. Jini har bango, amma da aka kashe injin kowa ya tashi da yatsunsa cikakku.

Na biyar, kuma shi ne dalilin takardar nan. Ƙashi yana haɗewa, ko da yake likita ya ce manuniyar ba lallai ta sake lanƙwasuwa ba. Sunansa ne bai haɗe ba. Mai shagon da yake aiki ya ce ya zauna a gida sai magana ta faɗa. A teburin mai shayi in ya wuce sai a yi shiru, wani ya ce a ɓoye waya. Ranar Juma'a wanda ke kusa da shi a sahu ya janye takalmansa ya sa a gabansa. Gidanmu tun kakana ake kawo mana azurfar mutane a bar ta ba awo ba shaida, ba a taɓa cewa ƙwaya ta ɓata ba. Ba zan shiga kabari in bar jikana da wannan suna ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma roƙon dattijo ne wanda ya ajiye masaba da kansa.

Ka sa mai shela ya zaga garinku da tashar Gumel da kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya faɗa da sunansa cewa Sabi'u Lawan ba ɓarawo ba ne. Mai ƙarafan yana nan a rumfarsa, ya ce a shirye yake ya rantse shi ya sayar masa. A farantin da aka zaga da jan ƙarfen, a kansa nake so a dawo mini da shi, da rana, ta babbar hanya. Mai Gora ya zo ya durƙusa gaban Malama Rifkatu, sannan ya dubi hannun da ya sara. Ban ce a dake shi ba. A kwashe taya da galan daga shingen nan yau, wanda kuka zarga ku miƙa shi ga hukuma da ransa da ƙasusuwansa. Kuma ka turo yaranka ajin yamma, har yanzu ana yi, benci na nan. Ga shi ana shirin miƙa mulki ga farar hula, ba kyau a ce takarda ta zo hannun mutum shida a rasa mai duba ta.

In shela ba ta fita ba nan da Alhamis biyu, zan ɗauki rigar fetur ɗin da takardar asibiti da shaidu goma sha ɗaya in kai inda ya kamata. Ba na so mu kai can.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tona asirin wanda ya sace muku waya, ya dawo muku da haske, ya jiƙan mahaifinka, ya tsare 'ya'yanka daga faɗawa hannun taron da ba ya tambaya.

Sannan ku zo ku gani! Kai da yaranka, da mai shago, da 'yan teburin shayi, da mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar da labarin ya kai musu a karkace, duk ku zo. Zaurena na bayan masallacin maƙera, ƙofa a buɗe take daga hantsi zuwa la'asar muddin akwai wuta. Na bar murfin gefe a cire don kowa ya leƙa ya sa yatsa ya taɓa. Hajiya ta dama fura. Mai Gora ma ya zo, ya bar gorarsa a waje, Sabi'u ya ce zai koya masa harbin dodo.

Wassalam.

Naka,
Idi Maƙeri, Gumel.