Kada a Fasa Tulun Dalmar Nan

Salamu alaikum Kawu,

Gaisuwa daga Bawku. Yaya jiki, yaya Inna da yara, yaya ruwan Makango?

Tulun dalmar da na tsinta cikin tsofaffin ƙarafa na aiko maka don ka yi wa tarun kamun kifi nauyi, kada ka fasa shi. Biyu ne. Sule abokin aikina ya sare ɗayan, ga hannuwansa sun ƙone ba wuta. Ma'aikatan gwamnati sun kawo na'ura, tana kusantar tulun ta hau kuka. Sun ce alamarsa mai kama da fanka ta guba ce wadda ido ba ya gani. Naka ma yana da ita.

Kowa ya nisanci tulun, ma'aikatan suna tafe wurinka. A sa Sule a addu'a, a gaida mutan gida.

In an riga an fasa, Kawu, wa ya riƙe gudumar?

Ɗanka, Iliyasu