Kada a Ba Shi Akwatin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ƙi kai wa likita. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sabon tabarau, yanzu har ƙurar kan fanka take gani, ta hana kowa sakat. Kawu ya bar tuƙi, ko da yake duk motar da ya shiga da baki yake tuƙa ta.

Yaya, na rubuto ne maimakon waya don akwai abin da nake so ka riƙe a hannunka. Maganar akwatin marigayi Baba ce. Inna ta ce ka yarda a ba mutumin nan mai baƙar jaka, wanda ya ce yana rubuta littafi kan sunayen Ubangiji a addinai, kuma ƙarshen wata zai zo ɗauka. Ni ban yarda da shi ba.

Ka tuna yadda akwatin ya cika. Shekara talatin Baba yana jera haruffa a maɗaba'a, kuma duk takardar da ta lalace, in dai da sunan Allah a jikinta, ba ya bari ta shiga shara. Ninkewa yake ya kawo gida. Bai taɓa tambayar ta wane addini ce ba. Akwai kalandar masallaci, akwai takardar waƙoƙin coci, har da katin bikin 'yar Ba'indiyen nan mai shagon yadi, wanda Baba bai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, sai da ya sa mutumin ya nuna masa inda sunan yake da yatsa. Yakan ce shi ba alƙali ba ne, amma sunan da uba ke kira idan ɗansa na kwance rai a hannun Allah bai kamata a taka shi ba.

Da na yi karance-karance na ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Yahudawa suna da suna mai haruffa huɗu da ba sa furtawa. Mai karatu in ya iso wurin sai ya ce Ubangiji a madadinsa, ya ci gaba, takardunsu kuma in sun tsufa adanawa ake yi har a binne. 'Yan Hindu suna jera sunaye dubu. Mu muna da casa'in da tara, mai neman gafara ya san wanda zai kira, mai neman abinci ma haka. Kowa da fahimtarsa, amma ban ga waɗanda suka ɗauki sunan abin wasa ba.

Duk mai rubuta littafi a kan wannan ai ya san haka. Ranar da na sami mai baƙar jakar a falo, na tambaye shi me ya sa Yahudawa ba sa furta sunan. Ya yi dariya ya ce sirri suke ɓoyewa, wanda ya same shi ya rabu da talauci. Na nemi in ga ko babi ɗaya, tunda gyaran rubutu ne aikina a gidan jarida, ya ce yana wurin mai bugawa. Na tambaye shi wane mai bugawa, ya ce suna da yawa. Bai nemi ma'anar suna ko ɗaya ba. Damuwarsa wace takarda ta fi tsufa, wacce kuma ke da rubutun da mutane ba su saba gani ba. Da zai tafi, Yaya, a kan akwatin ya zauna ya ɗaure igiyar takalminsa. Inna ba ta gani ba, tana kicin tana haɗa masa shayi. Ita kam ya gama saye ta da man shafa na ciwon gwiwa da yabon Baba, wanda bai taɓa gani ba.

Ba zan ce na ga abin da ban gani ba. Zato nake yi yankan sunayen yake, ya ɗinke a fata ya sayar wa masu neman sa'a. Amma ga abin da na tabbatar. Makon jiya Inna ta ara masa wasu takardu ya duba, ya dawo da su a ninke, ta mayar ba ta buɗe ba. Ni na buɗe. Uku an yanke su da reza, tsaf, daidai inda sunan yake, har da katin Ba'indiye. Na nuna wa Inna, ta ce ƙila gara ce. Na ce ban taɓa ganin gara mai aiki da rula ba. Sai ta ce ta riga ta yi wa mutum alkawari, kuma kai ne babba, magana tana hannunka.

Na kai akwatin ɗakina na kulle, kuma na gaya mata, ban ɓoye ba. Kwana biyu ke nan da ƙyar take amsa gaisuwata, abin yana damuna ƙwarai. Katin Ba'indiyen yana cikin ambulan ɗin nan. In ka ce a ba shi, zan miƙa masa akwatin da hannuna, ba zan yi maka musu ba. Amma ka fara ɗaga katin zuwa haske, ka leƙa ta ramin, wurin da Baba ya sa aka ɗora masa yatsa. Sannan ka kira Inna.

Ka gaida Anti da takwaran Baba, da 'yar lukutar da ba ta san ni ba tukuna. Gwaggo da Kawu da Auta suna gaishe ka. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Jan Biro