Koren da Ke Ƙirjin Nana

Gumel,
Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa ga Hajjo, uwar Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki, na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Dama kin sha cewa rubutuna sai an yi alwala ake iya karanta shi. To, yau kin huta.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce lafiya lau, kuma ba ƙarya nake yi ba. Ina buɗe shago, ina taka keken ɗinki, ina cin abin da Yaya Asabe ta aiko. Ba na jin daɗin abincin, ba na kuma jin rashin daɗinsa. Har yau ban yi kuka ba. Mutane suna yaba mini wai ina da tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne, kawai dai babu abin da ke motsi a cikina. Akuyarki ta haifi biyu. Zogalen da kika shuka ya wuce katanga. Nana ta shiga aji huɗu.

Makon jiya malamarki ta jami'a, Dakta, ta zo tun daga Kano. Ta nemi kwalin nan na bincikenki, ta ce aikin bai kamata ya mutu a ƙarƙashin gado ba, za su ƙarasa shi da sunanki. Na ce ta ba ni kwana biyu in tattara.

Kin tuna ranar da kika kawo mini kwali shago, kika ce tunda ni ne mai almakashi in yanka miki siffar mutum? Na yi miki dariya, na ce ashe duk wannan zirga-zirgar Kano shafa kala ake koya muku. Na dai yanka. Da shi kika zana takardun da kika riƙa kai wa yara a makarantun Maigatari da Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar. Kowane yaro ya zaɓa wa kowane harshe da yake ji kalarsa, ya shafa a inda yake jin harshen nan a jikinsa. Kika ce in ka tambayi yaro da baki harshe nawa yake ji, amsar da malami ke so zai ba ka. Amma in ka miƙa masa fensir mai kala, sai ya manta da malamin. Na ce Allah Ya ba da sa'a, na koma kan ɗinkina.

Sai yanzu na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya, Hajjo. A bayan kowace takarda kin rubuta abin da mai ita ya gaya miki. Wata yarinya a Maigatari, wadda ubanta mutumin Damagaram ne, ta sa Faransanci a ƙafafu, wai sai sun tsallaka iyaka take jin sa. Wani ya sa Larabci a goshi saboda sujada. Da yawa Turanci a yatsu suka sa shi, tunda rubuta shi kawai suke yi. Wata Bafulatana ta shafa Fulatanci a ciki, ta bi ta rufe shi da kalar Hausa, ta ce a aji dariya ake mata.

A can ƙasan kwalin na tarar da ta Nana. Ashe da ita kika fara gwadawa. Hausa ja, a baki da hannuwa. Ƙirjin kuwa gaba ɗaya kore ne, ta danna fensirin har takardar ta kusa hujewa. Na juya baya. Kin rubuta cewa ta ce kore Fulatanci ne, da shi Inna ke mata hira in Baba ya tafi shago.

In Baba ya tafi shago. Na karanta, na ajiye, na tashi na ba akuya ruwa.

Ni na hana, ba sai na tuna miki ba. Tana shekara uku na ce a daina yi mata yaren nan a gidana, zai rikita mata harshe, ta je makaranta ta zama abin tsokana. Kika dube ni kawai. Yau zan gaya miki gaskiyar da ban taɓa faɗa ba. Ba makaranta ce ta dame ni ba. In na shigo na tarar kuna dariya da yaren da ba na ji, sai in ji kamar baƙo a tsakar gidana. Kishi ne, Hajjo, kishin banza. Ke da kike yawo gari gari kina nuna wa malamai cewa harshen gidan yaro ba cikas ba ne, a naki gidan sai kin saurari tashin babur ɗina. Yaya kika yi kika haɗiye wannan shekara shida? Me ya sa ba ki taɓa jefa mini shi a fuska ba?

Ranar ƙarshe a asibiti, bayan la'asar, Hausa ta bar bakinki. Kin riƙe hannun Nana kina magana da Fulatanci, kin daɗe, kin kuma juyo kin dube ni kin ƙara wata. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Bayan sadakar bakwai na tambayi Nana. Ta ce ta ji sunana, ta ji kin ce a yi haƙuri, sauran ya yi mata sauri. Haƙurin me? Wa zai yi wa wa? Na yafe maka ne kika ce, ko ka yafe mini? Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Watan jiya mahaifiyarki ta zo daga rugar Ɗanzomo da ƙwaryar nono. Ta yi wa Nana magana da yarenku, Nana ta amsa mata da Hausa. Ta sake, Nana ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Da za ta tafi ta roƙe ni in ba ta yarinyar shekara guda, akwai firamare kusa da su. Na ce zan yi shawara, a raina kuwa na riga na ƙi. Nana kaɗai ce muryar da ta rage a gidan nan.

Shekaranjiya na ciro takarda ɗaya daga waɗanda ba a shafa ba, na ba Nana da fensiranki. Ta shafa ja, ta shafa shuɗi a yatsu. Da ta ɗauki kore sai ta tsaya, ta ɗago ta tambaye ni ko an yarda, tunda ina gida.

Na ce an yarda. Ta shafa ɗan wuri kamar girman maɓallin riga, ta ajiye fensirin. Ta ce iya abin da ta tuna ke nan.

Dakta ta aiko an ɗauki kwalin jiya. Takardu biyun Nana ban bayar ba, ki yi mini afuwa in na rage miki aiki. Na ɗinka mata kaya kala uku, na saki kalmasar saboda za ta yi tsawo. Gobe Asabar da safe zan kai ta Ɗanzomo a babur. Na gaya wa tsohuwa shekara guda, in bai isa ba a ƙara. Ba na tsammanin abin da kika faɗa a asibiti zai dawo mata. Amma in wata rana ta waiwayo ta yi mini magana na kasa ganewa, wallahi ba zan hana ta ba, zan ce ta maimaita a hankali.

Gobe war haka na dawo gida, ni da akuyarki. Ban san yadda zan ji ba. Wataƙila ba zan ji komai ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haɗa mu a inda kowa ke jin maganar kowa. Sai na zo.

Mijinki,
Sale Tela, baban Nana.