Mama Ta Hana a Kai Kyanwar Baba Hoto

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka juriyar aiki. Mu ma lafiya lau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Sai dai raina a ɓace yake da kai, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba. Rigakafi kawai na kai kyanwar marigayi Baba, tana cinta tana wasanta. Likitar dabbobi ta ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ita kuwa sai gur-gur take, sai da aka buɗe famfo ta yi shiru tana kallon ruwa. A nan likitar ta ji wani ɗan huci tare da bugun zuciyarta. Ta ce kyanwoyi da yawa tsoron teburin asibiti kaɗai ke sa musu haka, wasu ƙarancin jini, wasu kuma ciwon zuciya ne na gaske, kuma kunne ba ya rabewa. Ta ce in dawo da ita Talata a yi hoton zuciya.

Na gaya maka ne don kai likita ne, ka kwantar mini da hankali. Kai kuwa ka ɗaga waya ka ce wa Mama irin ciwon Baba ne. Kyanwar da rabonka da ita shekara uku. Haka kake yi wa marasa lafiyarka, ka yanke hukunci ba ka ga hoto ba?

Tun ranar Mama ta shige ɗaki da kyanwar, abinci ma sai na yi da gaske take taɓawa. Ta ce babu inda za a kai ta, don Baba ma da ƙafarsa ya tafi hoton zuciya, bai dawo gida ba. Na yi bayani har bakina ya gaji. Ta ce ni malamar makaranta ce, ɗanta ne likita.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, Goggo ma tana gaishe ku. Don Allah ka kira Mama kafin Talata, ka ce mata ba ka sani ba. Daga bakinka kaɗai za ta yarda.

Taka ƙanwa,
Auta