Ku Ce Masa Ya Sauko

Zuwa ga jikata Gajera,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin kantin naki. Tela maƙwabcina ne ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce masa kada ya gyara mini magana. Direban motar kasuwa zai kawo miki. Kada ki ce in kira a waya, kin san ƙarar kwanon rufi ta cinye mini kunne ɗaya, ɗayan kuma ba kowa nake ba shi ba.

Akwatin wasan da kika jona mini a talabijin, wanda na rantse ba zan taɓa ba, na taɓa. Zaman ɗaki ne ya ishe ni. Na ga yaron da ake tuƙawa, yana tsaye a kan rufi, ƙasa kuma cike da matattu masu tafiya. To ni da na yi rayuwata ina buga rufin mutane, sai ga shi ko taku biyar ba na yi. In na danna ya ruga, sai ya zarce ya faɗo, su taru a kansa. Tela har tari yake yi don dariya. Shi da ko kan kujera ya hau sai an riƙe shi.

Ki rubuto mini yadda ake yi. Amma kada uwarki ta ji na tambaya.

Ban manta abin da ta yi mini ba. Ta zo da mota ta ɗauke kakarki, wai ba zan iya kula da ita ba, don sau ɗaya ta fita titi ba takalmi. Ta ba wa almajirin kafinta tsanina kyauta, kamar na mutu. Kuma da na bi ku na zo, kina tsaye kakarki ta dube ni ta ce, “Wannan baƙon fa? A ba shi ruwa ya tafi.” To na tafi. Kada wanda ya ce in dawo.

Ki gai da kanki.
Kakanki.

*

Zuwa ga Tsoho mai ran ƙarfe,

Gaisuwa da ladabi. Na karanta takardarka a bayan kanta ina dariya, har mai kantin ya leƙo. Ashe sarkin rufi ma yana faɗowa!

To buɗe kunnen nan mai aiki. Farko, kada ka sauka ƙasa. Titi nasu ne, rufi naka. Kafin ka yi tsalle, juya idon yaron ka ga inda zai dira, kada ka danna da fushi yadda kake rufe ƙofa. Akwai wani koren layi a gefen allo, numfashinsa ke nan. In ya kusa ƙarewa ka tsaya ya huta, in ba haka ba hannunsa zai saki katanga. Kada ka kwashi duk abin da ka gani, nauyi zai hana shi gudu, na san halinka da tara tsofaffin ƙusoshi. Kuma ba faɗa aka aike ka ba. In sun taso, gudu. Da ka ga rana ta yi ja, nemi ɗakin da ke da fitila a ƙofa, nan ba sa shiga.

Babba a ciki: kada ka tsaya kallon fuskarsu. Masu koyo a nan suke mutuwa.

Mama ba ta san ka rubuto ba, amma kullum sai ta tambayi direba ko ya gan ka. Kaka ba ta cin abinci sosai. Da yamma takan je bakin ƙofa ta tsaya, sai mun lallaɓo ta. Tsoho, ka zo mana.

Taka,
Gajera.

*

Gajera,

Na amsa gaisuwa. Rashin kunyar da ke ciki kuma na ajiye miki.

Maganarki ta yi aiki. Yanzu nakan tsallake titi guda ban taɓa ƙasa ba. Na gane koren layin, ai mu ma haka muke, in gwiwa ta fara rawa sai ka zauna a kan katako. Sai dai wanda ya yi rufin garin nan ba ma'aikaci ba ne, ko'ina a kwance, ruwa ta ina zai sauka? Na faɗa wa tela, ya ce in kai ƙara.

Amma akwai wurin da na kasa wucewa. Bayan tankin ruwa akwai wani kanti da aka rufe, a ƙofarsa wata mata tana tsaye cikin matattun nan, takalminta ɗaya. Ba ta bin kowa. Tsaye kawai take, kanta a karkace. Hanyata ta nan take, dole in sauka in wuce ta gabanta. Tela ya ce in ɗauki sandar ƙarfe in kwaɗa mata. Na ce ya tashi ya koma kan kekensa. Na sauka na tsaya a gabanta, ina jiran ko za ta ɗago. Sauran suka zo ta baya suka gama da ni. Na sake, haka. Jiya tela ya zare wayar daga bango, ya ce ya gaji da ganin ana cin yaron mutane.

Kin ce kada a kalli fuskarsu. Ke wa ya gaya miki babu kowa a ciki?

Kuma batun tsayuwar kakarki a ƙofa, ba ni take jira ba. Na zo ai, ta ba ni ruwan baƙo. Matar da a da, in ina aiki a bayan unguwa, ba ta tambayar gidan da nake. Ƙarar gudumata take bi da kwanon abinci a kai. Ta ce duk garin ni kaɗai ke taɓa ƙusa sau biyu a hankali kafin in kai mata duka. Mu shida muna kan rufi ɗaya za ta tsaya daidai ƙarƙashina. Wannan matar ce ta ce a sallame ni. Uwarki ta ce ciwo ne. Na ji. Ciwon bai mantar da ita sunan uwarki ba, sai ni da na fi kowa daɗewa.

Tela ya ce in sassauta. Kai tela, rubuta yadda na faɗa.

Ki gaya mini yadda ake wuce matar nan ba a taɓa ta ba. In babu hanya, ki zo ki ɗauki akwatinki.

Kakanki.

*

Tsoho,

Ina gaishe ka. Yau ba zan tsokane ka ba.

Akwai hanya. Su ba sa gane fuska, ko ka tsaya a gabansu har gobe. Ƙara suke bi. Duba kan rufin kusa da tankin, akwai gwangwanaye. Ɗauki ɗaya ka jefa can gefe. Za ta juya ta nufi inda ya faɗi, kai kuma ka wuce. Ba sai ka taɓa ta ba.

Sunan Mama ma ya ɓace wa Kaka, tun makon jiya. Yanzu “yarinya” take ce mata, ni kuma “mai magani”. Mama takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada mu ji kukanta. Tsaninka kuma ba kyauta ta bayar ba, ajiya ta ba wa almajirin, don ta ga ƙafarka tana rawa.

Kaka ta daina zuwa ƙofa, ƙafafun ba sa ɗaukarta. Likita ya zo, ya ce mu bar ta ta ci abin da take so, kuma duk mai son ganinta ya zo. Ka gane.

Shekaranjiya maƙwabtanmu suna gyaran rufi. Tana kwance, sai ta ɗaga kai, ta daɗe tana saurare. Can ta ce, “Ba shi ba ne,” ta juya wa bango. Ban san me take nufi ba sai da takardarka ta zo.

Ba zan ƙara cewa ka zo ba.

Jikarka.

*

Gajera,

Na jefa gwangwanin. Ta juya.

Ban wuce ba, na zauna ina kallon yadda take tafiya da takalmi ɗaya.

Ki nemo mini guntun kwanon rufi da katako mai kauri, ki ajiye a tsakar gida kusa da tagar kakarki. Ƙusa da guduma ina da nawa. Ki gaya wa uwarki motar safe zan biyo. Ba don ita ba. Amma ta ajiye mini kujera, ba na iya tsayuwa da yawa.

Kakanki.

*

Zuwa ga maƙwabcina tela,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Yau Gajera ke rubutawa, hannunta ya fi naka kyau, kada ka ji haushi.

Na iso. 'Yata ta tare ni a ƙofa ta durƙusa, na ce ta tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Daga baya na ci abincinta.

Na zauna a ƙarƙashin taga, na ɗora kwanon a kan katako. Ƙusar farko ta lanƙwashe. Ta biyu na taɓa ta sau biyu, na kai duka. Na ci gaba. Ni ban ji komai ba, ka san kunnena. Gajera ce ta fito da gudu ta ce kakarta ta tashi zaune, tana neman ɗankwalinta.

Na shiga da gudumar a hannuna. Ba ni take kallo ba, sama take kallo. Fuskar nan tata ta da, wadda na ce maka ta tafi. Ta ce wa 'yata, “Yarinya, zuba abinci, tun safe bai ci komai ba.” Sannan ta gan ni. Ta ce, “Bawan Allah, tare kuke aiki? In ka fita ka ce wa maigidana ya sauko, rana ta yi zafi.”

Na ce to, zan faɗa masa.

Ta ci cokali kaɗan ranar, wai kafin ya sauko. Yanzu kowace safiya ina fita in buga, in shigo ta ba ni saƙo, in ce to. Kwanon ya cika da huji, Gajera ta samo wani.

Ka kulle mini ɗaki. Gwangwanin tsofaffin ƙusoshina yana ƙarƙashin gado, ka ba direba, waɗanda na zo da su sun kusa ƙarewa. Kafin ka zare akwatin nan daga bango, ka kai yaron ɗakin da ke da fitila, kada ka bar shi a rana. Matar bakin kanti kuma kada ka taɓa ta.

Ban san ranar dawowata ba. Ban kuma so in sani.

Maƙwabcinka,
mai rufi.